Yadda Ake Niƙa Hatsi a Gida da Ƙaramin Inji

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin niƙa ya bi sahun komai ya haura. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Sanyinna, har can Kebbe da Kuchi, yawancin injinan niƙa da mai suke aiki, don ba a dogara da wutar lantarki. Ga layi, ga yaron da aka aika da safe ba zai dawo ba sai rana ta take, ga kuma garin dawarki ya dawo da ƙamshin barkonon wadda aka niƙa wa kafin ke. Shi ya sa wasu matan, musamman masu sana'ar kek da cincin da suka mallaki injin kwaɓa fulawa, suka fara tambaya game da wani kai na ƙarfe da ake ɗaura wa injin a goshi ya koma na niƙa. Kamfanin KitchenAid na Amurka yana yin irinsa, haka ma Kenwood. Yana niƙa gero da dawa da masara da shinkafa da alkama, amma fa bisa sharaɗi. Babban aikin yana gabanin kunna inji, kuma a nan ake yawan yin kuskure.

Kafin ma a zo kan hatsi, uwargida ki duba bayan injinki. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin da ɗan'uwa ya aiko daga can, in aka soka shi a bango kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, nan take zai ƙone. Wanda aka yi don Ingila ko Dubai ya dace da wutarmu. Yawancin na KitchenAid suna cin wat 300 zuwa 500, don haka ƙaramin janareta ko sola mai ɗan ƙarfi zai ɗauka. In wutar ta zo rabi-rabi, fanka tana juyawa da ƙyar, ki haƙura da niƙan ranar.

Matakin farko shi ne gyaran hatsi. Ki sheƙe, ki bakace a faifai, ki tsince. Hatsin da aka sussuka a ƙasa ba ya rasa tsakuwa da yashi, wani lokaci har da guntun ƙusa daga buhu ko bayan mota. Babban injin kasuwa yana haɗiye tsakuwa ya wuce, sai dai a ji ta a haƙori wajen cin tuwo. Ƙaramin kuwa tsakuwa ɗaya tana iya ɓantare masa haƙora, kuma ba kayan gyaransa a kasuwar Tambuwal. Masarar da ta yi fumfuna, ta sauya launi ko tana warin ruɓa, a zubar da ita gaba ɗaya, domin gubar da ke cikinta tana illa ga hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta. Irin shuka da aka shafa wa magani mai launi shi ma ba na ci ba ne.

Sai surfe. Wannan injin ba ya surfe, niƙa kawai ya sani, saboda haka turmi da taɓarya suna nan daram. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ki surfa, ki bakace dusar. A ganina surfe sama-sama ya fi, musamman ga gero da farar dawa, don da yawa daga amfanin hatsi a dusar yake, kuma mu kan zuba wa awaki shi mu ci saura. Jar dawa ce ke son surfe sosai saboda baurinta. Bayan surfe ki wanke, ki rege a ƙwarya har tsakuwar ƙarshe ta kwanta a ƙasa.

Yanzu ga inda al'adarmu da wannan inji suka raba hanya. Mun saba a wanke hatsi, a bar shi ya tsane, a kai niƙa da ɗan danshinsa, har ma ana cewa garin ya fi laushi. Gaskiya ne, amma a babban inji ko a turmi. A ƙaramin inji hatsi mai danshi yana dunƙulewa tsakanin haƙora ya zama kamar tuwon da ya kama tukunya, injin ya dinga gurnani yana zafi har ya tsaya. Dole hatsin ya bushe ƙarau. Ki baza shi a kan tabarma ko faranti mai faɗi, kada ya yi kauri, ki riƙa motsawa. Lokacin hunturu da bazara wuni guda ya isa. Da damina, wajen Yuli da Agusta, zai iya cin kwana biyu, kuma a shigar da shi ɗaki kafin magariba don kada raɓa ta mayar da aiki baya. Sabon hatsi na kaka ma, ko ba a wanke shi ba, yana buƙatar shanya.

Yaya za ki gane ya bushe? Ki ciji ƙwaya ɗaya. In ta fashe da ƙara, ta yi. In ta lotse a haƙori, da saura. Akwai kuma dabarar da malaman gona suke koyarwa: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da cokalin gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe, a girgiza, a ajiye 'yan mintoci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran ruwa.

Ɗaura kan niƙan ba wuya. Ki zare wayar daga wuta, ki kwance murfin da ke goshin injin, ki zura bakin kan har ya zauna, ki ɗaure kusar da kyau yadda ba zai yi rawa ba. In sabo ne, ki goge shi ki fara niƙa tafin hannu na shinkafa ki zubar, domin ana shafa wa ƙarfen mai a masana'anta saboda tsatsa. Ki ajiye kwano mai zurfi a ƙarƙashi.

A jikin kan akwai abin murɗawa da ke matse haƙoran ko ya sassauta su. Ƙwayoyin gero ƙanana ne kuma ba su da tauri, ana iya niƙa su da laushi a zuwa ɗaya. Dawa da masara kuwa sau biyu za a yi: a fara ɓarzawa da haƙora a sake, sannan a matse a maimaita. Masara ma in an ɗan farfasa ta a turmi tukuna, an tausaya wa injin. Ki zuba hatsi a mazubin, ki kunna a kan saurin ƙarshe, ki bar shi ya riƙa ja da kansa, kada ki danna da hannu ko da cokali. Kunnenki shi ne ma'auni: muddin sautin yana tafiya daidai, lafiya lau; in ya fara nauyi, ki kashe, ki sassauta haƙoran.

Kada a yi masa kallon injin kasuwa. Kamfanin KitchenAid da kansa ya ce kada a wuce kofi 10 na gari a lokaci guda, sannan a bar injin ya huce minti 45. Kofi goma bai kai tiya ɗaya ba. Gidan da ake tuƙa tiya uku kullum, ko gidan biki da suna, wannan ba nasu ba ne, su ci gaba da aika yaro wajen mai inji. Ya fi dacewa da ƙaramin gida, ko garin kunun yara, ko na mara lafiya da ake so a san abin da ya shiga cikinsa.

Akwai abubuwan da ba a zuba masa ko kusa: gyaɗa, riɗi, waken suya, da duk wani abu mai maiƙo, saboda suna liƙe haƙora. Markaɗen ƙullu na ƙosai ko na waina ko gasarar koko shi ma ba aikinsa ba ne. Mai son fura ta niƙa geronta zalla, ta daka citta da kanumfari da barkono daban a turmi, ta haɗa daga baya.

Da gari ya fito sai tankaɗe. Abin da ya rage a rariya, in kina so ki mayar da shi inji, in kuma kina so ki ajiye tsakinki don dambu ko burabusko ko kunun tsaki. Wannan ma wata riba ce, ke ce mai yanke yawan tsakin da kike so, ba mai inji ba.

Garin yana fitowa da ɗumi. Ki baza shi ya sha iska kafin ki rufe a roba, in ba haka ba zai yi gumi ya dunƙule. Garin gero ba ya jimawa, saboda geron yana da ɗan mai a cikinsa, kuma da an fasa ƙwayar sai man ya fara lalacewa, garin ya yi ɗaci. A zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Sakkwato, inda ake haura digiri 40, 'yan kwanaki sun isa ya juya. Ki niƙa na kwana biyu ko uku, sauran hatsin ya zauna da ƙwayarsa a buhu ko rumbu. Na dawa da na masarar da aka surfa sun fi shi juriya.

In an gama, ki zare waya, ki kwance kan, ki kakkaɓe shi da busasshen buroshi. Kada ki tsoma shi a ruwa haka kawai. In haƙoran sun liƙe, tafin hannu na busasshiyar shinkafa a kan ɓarza yakan share su. In wanki ya zama dole, a shanya kowane ƙarfe a rana ya bushe sarai kafin a mayar, sannan a ƙulle shi a leda a ajiye inda ƙura da kyankyasai ba za su kai gare shi ba.