LITTAFIN YARA MAI HOTUNA: ME MALAMAI SUKA CE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani magidanci a nan Agiye ya same mu bayan La'asar, riƙe da littafin da ɗiyarsa ta zo da shi daga lakwal, cike da zanen awaki da tsuntsaye. Ya ce niyyarsa ya ƙone shi. Muka ce ya dakata.

Na farko, Buhari ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya yi zane mai kusurwa huɗu domin ya nuna wa Sahabbai ɗan Adam da ajalinsa da burinsa. Ashe karantarwa ta hanyar ido sunna ce.

Na biyu, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasan Nana A'isha (RA), ta ambaci dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya, bai hana ta ba.

Na uku, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin ta gunki. Zane bisa takarda bai kai ga haramci ba, iyakarsa karhanci. Wasu malamai sun tsananta, muna kuwa girmama su. Zanen itatuwa da abin da ba shi da rai, Ibn Abbas ya halatta shi.

Amfanin kuwa a bayyane yake. Yaron da ake karantar da shi da Faransanci, harshen da ba ya ji a gida, in ya ga zanen gawo ko damin gero, kalmar ta zauna masa. Mu ma a makarantar allo, ba zayyanar sauka ce ta riƙa kwaɗaitar da mu ba?

Saboda haka, uba ya duba littafi kafin ya miƙa. A guji mai tsiraici, da wanda ya zana Annabawa ko Mala'iku. Sauran kuwa, a zauna da yaro bisa tabarma, a nuna masa raƙumi a tambaye shi: wa ya halicce shi? Allah da kansa Ya umarce mu da duban raƙumi a Suratul Gashiya, aya ta 17.

Magidancin nan ya koma gida da littafin ɗiyarsa. Allah Ya shirya mana zuriya, amin. Wallahu a'alamu.