Sai Bango Ya Tsage: Darasi Kan Kula da Ginin Makaranta da Darajar Masu Sana'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

 Ranar da aka raba mana abin da kowa zai rubuta a littafin bana, wasu sun ɗauki nahawu, wasu tajwidi, wasu tarihin sahabbai. Ni kuwa na ce zan yi rubutu a kan rufin kwano da kwata. Abokaina suka yi ta dariya. To, ga dalilina.

A daminar bana, wata Asabar da safe muka shigo aji muka tarar ruwa ya zubo ta silin, daidai kan kabad ɗin littattafai. Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, duk sun jiƙe sun kumbura. Har da Alƙur'anai, waɗanda muka yi ta shanyawa shafi-shafi. Aka kira wani dattijo kafinta na unguwa. Ya hau sama, bai daɗe ba ya sauko, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mana ƙusa uku da tsatsa ta cinye. Ya ce, "Yara, ga ɓarayin littattafanku."

Abin kunyar shi ne, tabon ruwan nan ya fi shekara a silin ɗin. Kowa ya gan shi. Idan aka fara ruwa sai mu matsar da benci mu ci gaba da karatu. Babu wanda ya faɗa wa kowa, har da ni.

Matsayin sana'a a addini

Wasunmu suna ganin wanda ya riƙe allo ya fi ƙarfin riƙe guduma. Wannan tunani ba daga littattafanmu ya fito ba. Annabi Nuhu (AS) da hannunsa ya ƙera jirgi. Annabi Dawuda (AS) Allah Ya tausasa masa ƙarfe, yana saƙa sulke yana ci daga guminsa. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'ila (AS) su suka ɗaga ginin Ka'aba. Lokacin gina masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki tubali tare da sahabbai. A Suratul Kahfi kuma mun karanta yadda Halliru ya tarar da bango yana shirin faɗuwa ya tsayar da shi, ashe dukiyar marayu biyu ce a ƙarƙashinsa.

Imamul Gazali a cikin Ihya ya lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farilla ta kifaya. Ma'ana, idan wasu sun koya an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. A babin waƙafi kuma, malaman fiƙihu sun ce idan wuri yana da kuɗin shiga, gyaransa ake fara yi kafin a kashe kuɗin a wani abu, domin idan ginin ya rushe amfanin ya yanke. Yawancin makarantun zango da sadaka aka gina su. Wani Alhaji ya ba da fili, wata Hajiya mai sayar da koko ta sayi buhun siminti. Amana ce a hannunmu. Idan muka bar ta ta lalace, mun yanke wa bayin Allah sadakarsu mai gudana.

Abokan gaban gini a Ankara

Na farko, ruwa. Muna da damina biyu: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, mafi ƙarfinta a Yuni, da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan Nima da Maamobi yana bin babbar kwata ya faɗa kogin Odaw, ya wuce ta Agbogbloshie zuwa tafkin Korle, sannan teku. Idan ledar ruwa da robobi suka toshe hanya, ruwa ba ya jira, gidajen mutane yake shiga. Iyayenmu ba su manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai na Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Ko ba a yi ambaliya ba, ruwan da ya kwanta a gindin bango yana hawa cikin bulo a hankali. Alamarsa ita ce fenti yana ɓarewa daga ƙasa, da wani farin gari kamar gishiri.

Na biyu, iskar teku. Muna kusa da gaɓa, iskarmu tana ɗauke da gishiri, shi ya sa kwano, ƙusa da ƙofar ƙarfe suke saurin tsatsa a nan fiye da Tamale ko Bawku. Rodin da ke cikin kankare ma idan laima ta kai gare shi sai ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Idan kun ga dakin yana zubar da ɓaraguzai har rodi ya fito fili, wannan ba aikin fenti ba ne.

Na uku, gara. Ita ba ta da hayaniya. Tana cinye cikin katako ta bar bayansa lafiya lau. Ku ƙwanƙwasa, idan ya yi ƙara kamar ganga, an gama da shi.

Na huɗu, wutar lantarki. Wutarmu a Gana bolt 230 ce, ta isa ta kashe babban mutum, balle yaro mai jiƙaƙƙen hannu da ya fito daga alwala.

Na biyar, mu kanmu: mai lilo a jikin ƙofa, mai zane a bango, mai barin famfo a buɗe, mai cusa takarda a bakin masai.

Kowa da aikinsa

Magini. Na tambayi wani magini me ya sa wani gini yake daɗewa, wani kuma yake rugujewa. Ya ce amsar tana cikin kwaɓi. Buhun siminti kilo 50 ne. A kankare na yau da kullum ana sa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Mai son araha sai ya ƙara yashi ya rage siminti, bulo ya riƙa marmashewa a hannu. Yashin bakin teku ba a gini da shi saboda gishiri. Bayan an zuba kankare ana shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Ya kuma koya mini bambancin tsaga. Siririya kamar gashi a jikin filasta ba ta cika zama matsala ba. Amma wadda ta bi bulo kamar matakala, ko take ƙara faɗi, tana nufin tushe yana motsi. Dabarar ita ce a sa alama da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a duba bayan mako biyu. Idan ta wuce alamar, a fitar da yara, a kira injiniya.

Kafinta. Shi ke da rufi, silin, ƙofa, taga da benci. Wanda ya je kasuwar katako ta nan kusa da Agbogbloshie ya san katako suna suka tara. Wawa yana da araha da sauƙin aiki, amma gara tana sonsa. Odum yana da tsada, amma yana daɗewa. Duk katakon da za a ɗora wa kwano sai an shafa masa maganin gara tukuna.

Mai wayarin. Soket ɗin da ya yi baƙi, filogi mai zafi, warin roba tana ƙonewa, wayar da aka haɗa aka naɗe da leda, duk gargaɗi ne. Ɗalibi ba ya taɓawa, sai dai ya kai rahoto. A Gana akwai dokar wayarin ta 2011, kuma Hukumar Makamashi tana ba masu wannan aiki takardar shaida. Kada a ji nauyin tambayar mutum takardarsa.

Mai famfo da mai walda. Wurin alwala, banɗaki da tankin ruwa suna hannun na farko. Makarantar da banɗakinta ya toshe, yaya za a koyar da babin tsarki a cikinta? Na biyu kuma shi ke da get, ƙarfen taga da madogarar bene. Madogara mai girgiza a benen da ƙananan yara ke tsere, wallahi ba abin jinkiri ba ce.

Akwai kuma maganar ƙara bene. Fili ya yi ƙaranci a zango, ɗalibai suna ƙaruwa, sai a ce a hau sama. Amma tushen da aka haƙa don hawa ɗaya ba lallai ya ɗauki biyu ba. Kafin a ɗora, a nemi injiniya, a kuma karɓi izini a majalisar yanki: Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, Ayawaso ta Arewa ga mutanen Maamobi. A Janairun 2017, a garin Breman Jamra na Yankin Tsakiya, ginin ajin ƙananan yara ya rufta, yara shida suka rasu. Iyayensu karatu suka tura su, kamar yadda namu suke turo mu.

Darasi daga Larabanga

Gyara ma yana bukatar ilimi. Tsohon masallacin Larabanga da ke arewacin ƙasarmu ginin ƙasa ne. A shekarun 1970 aka shafe bayansa da siminti da niyyar kare shi daga ruwa. Sai simintin ya kulle laima a ciki, gara ta samu wurin zama a itatuwan, gini ya raunana. Daga baya guguwa ta rusa wani ɓangarensa. Da aka zo gyara na gaskiya, sai da aka ɓare simintin aka koma yaɓen ƙasa irin na kakanni. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, duk shekara mutanen gari suna fitowa su yaɓe babban masallacinsu, maza da mata da yara kowa da aikinsa. A Zariya har yau ana ambaton Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830. Kun gani, niyya mai kyau ba ta wadatar sai da gwani, gwani kuma ba ya wadatar sai jama'a sun riƙe aikin duk shekara.

Abin da za mu iya yi

1. Mu buɗe littafin gyara a ofishin shugaban makaranta. Wanda ya ga yoyo, tsaga ko waya a buɗe, ya rubuta wuri da kwanan wata.
2. Kowane aji ya zaɓi mutum biyu masu zagayawa duk mako.
3. A watan Maris, kafin ruwa ya sauka, a duba rufi, a share indararo, mu yashe kwatar ƙofar makaranta. Lokacin hunturu, da gari ya bushe, shi ne na fenti da filasta.
4. Iyayenmu, don Allah a ware asusu na gyara, ko sidi ɗaya ne a mako. Kuɗin ƙusa uku bai kai kuɗin littafi ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.
5. A yi ciniki a fili kafin aiki, a biya ma'aikaci a kan lokaci kamar yadda addini ya yi umarni. Kada a ce tunda aikin Allah ne ya yi kyauta dole. Idan ya yafe da kansa, ladansa ne. Shi ma mai sana'a ya ji tsoron Allah, kada ya karɓi kuɗin odum ya sa wawa.
6. Mu koyi sana'a. Akwai makarantar koyon sana'a ta ATTC a Kokomlemle, nan kusa da mu, akwai kuma mastoci a kowane lungu. Allo da safe, guduma da yamma, babu wanda ya hana wani.

Kammalawa

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ku tuna matar nan da take sharar masallacin Annabi (SAW). Da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, sai ya tambaye ta, ya je kabarinta ya yi mata salla. To ashe mai kula da wurin ibada da karatu ba ƙaramin mutum ba ne.

Ga aikin gida: gobe idan kun shiga aji, kafin ku buɗe littafi ku ɗaga kai ku dubi silin, ku dubi gindin bango, ku dubi soket. Abin da kuka gani, ku faɗa wa malam a ranar.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara mini. Allah Ya saka wa waɗanda suka gina mana makaranta da gidan Aljanna, Ya sa albarka a hannun masu sana'armu, Ya tsare ƙannenmu. Amin.