Mai Son Koyon Gini a Kan Faifai, Fara da Saiti

Masu zuwa wurinmu koyon ginin tukwane a kan faifai mai juyawa, yawancinsu da burin tulu ko buta suke zuwa. Abin da muke fara ba su kuwa curin yumɓu ne kamar rabin kilo, mu ce su tsayar da shi daidai tsakiyar faifai, wato saiti. Nan aikin yake, nan kuma da yawa ke karaya.

Yumɓun da bai zauna a tsakiya ba, duk abin da aka gina da shi karkatacce ne: gefe guda kauri, gefe guda siriri, da an ja bango sama sai ya murɗe ya zube. Saitin kuma ba ƙarfin damtse ke yin sa ba. Kafa gwiwar hannunka a cinya, ka haɗa hannayenka biyu, ka danna da nauyin jikinka, faifai yana gudu sosai. Muddin hannunka na rawa, yumɓun ne ke juya ka. Da ka ji ya daina bugun tafinka, ya saitu. Sai ka janye hannu a hankali, domin fizgewa na ɓata saitin.

Kafin nan ma, a duba yumɓun kansa. Wanda ake gina randa da shi da hannu akan haɗa shi da yashi ko garin fasassun tukwane, a kan faifai kuwa kankare fatar hannu yake yi. A jiƙa, a tace da rariya, a bar shi ya tsane, sannan a cuɗa shi sosai har iskar da ke ciki ta fita.

Idan an huda tsakiya an soma jan bango, a rage gudun faifai, a kuma rage ruwa. Ruwa na sa hannu ya sulɓe, amma in ya yi yawa yana kashe ƙarfin bango. Ruwan da ya taru a gindi a tsane shi da soso. Ina ce wa ɗalibaina su yi ta gina kofi mai miƙaƙƙen bango, su riƙa raba shi biyu da waya suna duba kaurinsa. Ba asara a ciki, yumɓun da bai shiga wuta ba ana sake cuɗa shi.

A busar da abin da aka gina a inuwa, da hunturu kuma a rufe da leda don kada iska ta tsaga shi. Tukunyar da ta shiga wuta da danshi, tururi ke fasa ta. Ƙurar busasshen yumɓu kuwa tana lalata huhu a hankali, don haka a goge wurin aiki da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta riga ta shahara a ginin hannu kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew da ke Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Duk da haka a can ta zauna ta koyi faifai daga tushe. Kai da ka fara jiya, kada rushewar kofi ta kore ka. Iya saiti tukuna, tulu na nan zuwa.