Ƙuraishawa Da Masu Hijira A Fadar Najjashi

A shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wato wajejen 615 Miladiyya, azabar Ƙuraishawa ta tsananta ga Musulmi, sai ya umarce su da hijira zuwa Habasha, inda Najjashi, sarki Kirista mai adalci, yake mulki. Daga nan magana ta zama ta ɓangarori uku: Makka mai cinikayya da Habasha, baƙi marasa ƙasa, da sarkin da ke tsakaninsu.

Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da tsarabar jemammiyar fata, wadda Habashawa ke so ƙwarai. Kafin su isa ga sarki sai suka bi manyan fadawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da rabonsa. Bukatarsu ita ce a miƙa musu baƙin ba tare da an saurare su ba. Abin lura ke nan, domin wanda aka siffanta bayan idonsa, abin da maƙiyinsa ya faɗa shi ne kamanninsa.

Najjashi ya ƙi. Ya sa aka kirawo Musulmi, suka wakilta Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib. Ummu Salama, wadda ke cikin masu hijirar, ta ruwaito cewa ya bayyana halin jahiliyya, sannan ya ambaci gaskiya da riƙon amana da sada zumunta da Annabi ya hore su da su, ya karanta farkon Suratu Maryam har sarki ya yi kuka.

Kashegari Amru ya sake dabara, ya ce a tambaye su matsayin Annabi Isa, don ya haɗa su faɗa da masu masaukinsu ta fuskar aƙida. Wuri ne mai santsi, ran mutum fiye da tamanin na rataye da amsar. Ja'afaru bai sassauta don neman yarda ba, bai kuma zagi addinin kowa ba. Ya ce Isa bawan Allah ne, ManzonSa, kalmarSa da Ya jefa ga Maryamu. Fadawa suka yi gunaguni, amma sarki ya ba Musulmi amana, ya mayar wa Ƙuraishawa tsarabarsu.

Ja'afaru ya zauna can har shekara ta 7 bayan Hijira, ya iske Annabi a Haibara. Amru ya musulunta a ta 8. Da Najjashi ya rasu a ta 9, Annabi ya jera sahabbai sahu-sahu a Madina ya yi masa sallar gawa.