Darasi na Bakwai: Siffanta Wurin da Ɗalibi Bai Taɓa Gani Ba

Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da malamin Hausa kan fuskanta a aji akwai bayanin wurin da babu irinsa a muhallin ɗalibansa. Idan ya ari kalmar baƙon harshe ya ajiye ta haka nan, ɗalibi zai haddace ta ba tare da ya fahimci komai ba. Idan kuwa ya ɗauki kalmar Hausa mafi kusa ya tsaya a nan, yana iya dasa masa kuskure. A wannan darasi za a nuna mafita ta hanyar nazarin matanin da ke biye.

Matani

Dutsen Cuilcagh, wanda ake furtawa Kwilka, yana kan iyakar Arewacin Ailan da Jamhuriyar Ailan, kuma tsayinsa mita 665 ne. Damba ce ta lulluɓe gangarensa kamar bargo. Saboda yawan ruwan sama da sanyi, gansakuka da ciyayin da suka mutu ba sa ruɓewa sarai, sai su yi ta taruwa suna danne juna har su zama baƙar ƙasa mai riƙe ruwa kamar soso. Kaurinta kan ƙaru da kimanin milimita 1 a shekara, wato mita guda na bukatar shekara 1,000. Da sawun masu hawan dutsen ya fara zaizaye ta, sai aka shimfiɗa hanyar katako a bisanta, aka buɗe ta a 2015.

Matafiyi kan fara da hanyar tsakuwa, sannan ya hau katakon ya ratsa dambar ƙafarsa a bushe. Daga ƙarshe sai ya tarar da matakala kimanin 450 masu kai shi wani dandamali, inda yakan hango tafkunan yankin Fermanagh idan hazo bai rufe ba. Kusa da mafarin hanyar akwai kogon Marble Arch, wanda ruwa ya rarake a cikin dutsen farar ƙasa. Wani Bafaranshe mai suna Martel ya bincike shi da kwalekwale a 1895, aka buɗe shi ga baƙi a 1985.

Sharhi

Abu na farko da za a lura da shi shi ne zaɓen kalma. Da an ce "fadama", da ɗalibi ya hango rake da albasa da noman rani, alhali ƙasar Cuilcagh tsami gare ta, ba a noma ta. Kalmar "damba" ta fi dacewa domin tana ɗauke da ma'anar wurin da ƙafa ke nutsewa. Duk da haka ba a bar ta ita kaɗai ba, an biyo ta da bayanin yadda ƙasar ke samuwa. Haka nan an ce "hanyar katako" maimakon "gada", tunda ba kogi ake ƙetarewa ba.

Abu na biyu shi ne kamance. Bargo da soso abubuwa ne da kowane yaro ya sani, kuma da su aka kai shi ga abin da bai sani ba. Na uku shi ne jeri: an bi sawun matafiyi daga tsakuwa zuwa katako zuwa matakala. Na huɗu shi ne adadi, domin shekara 1,000 ita ce ta bayyana dalilin kare wurin.

Jinga

1. Bambanta ma'anar fadama da damba da dausayi, tare da misali a jumla.
2. Fito da kamance guda biyu daga matanin, ka bayyana amfaninsu.
3. Rubuta sakin layi ɗaya kana siffanta kogo ga ɗan aji biyar na firamare.