Mayar da batirin mota cikin but

Tambaya: Ina jigilar fasinja tsakanin Dogon Daji da Tambuwal. Zafin inji yana kashe min batir, ina so in mayar da shi but. Wace waya zan sa?

Amsa: Malam direba, kada ka yi rowa a nan. Sitata kan ja amfiya sama da 150, kuma doguwar waya siririya wuta take sha, ta yi zafi. Nemi ta jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 35, ko 50 in dizal ce. Mai wayarin ya sa babban fiyus dab da kan batir. Wayar nagetif gajeriya, a ɗaure ta a bodi inda aka kankare fenti. Duk hudar da waya ta ratsa a sa roba, domin gargadar hanyoyin ƙauye tana cinye rufinta. Ɗaure batirin tamau, ka bar masa kafar iska.