Ƙugiyar Gini da Haƙƙin Wanda ke Ƙarƙashinta

Ranar Juma'a, 11 ga Satumba 2015, wato a ƙarshen watan Zulƙida na shekarar 1436 ta Hijira, lokacin da maniyyata suka cika Makka, saura ƙasa da mako biyu a hau Arfa, sai hadari ya taso da la'asar sakaliya, da iska mai ƙarfi da ruwa, wata babbar ƙugiya daga cikin waɗanda ke aikin faɗaɗa Masallacin Harami ta kife, ta faɗo kan masu ibada. Fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya, har da alhazan Nijeriya, kusan 400 kuma suka jikkata. Allah ya jiƙansu da rahama. Kwamitin binciken da hukumar Saudiyya ta naɗa bai ɗora laifin a kan iska kaɗai ba, domin ya gano cewa an bar wuyan ƙugiyar a miƙe sama, alhali littafin maƙeranta ya yi umurni a kwantar da shi idan ba a aiki ko idan iska ta yi ƙarfi.

Ajali dai ba ya wuce ranarsa, wannan babu musu, amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa imani da ƙaddara yana sauke wa mutum wajabcin riƙo da sababi ba, balle wanda aka damƙa wa amanar rayukan bayin Allah.

Duk wanda ya taɓa ganin jigo a lambu ya riga ya san asalin ƙugiya: doguwar sanda, guga a gaba, curin laka a baya. Ƙugiya ma haka take, sai dai nata curin na ƙarfe ne ko kankare. Abin da ke yaudarar mutane shi ne su ji an ce ƙugiya kaza tana ɗaukar tan 50, su zaci ko'ina ta miƙa wuya haka za ta ɗauka, alhali kuwa wannan adadi na kayan da ke dab da gindinta ne. Gwargwadon nisan kaya, gwargwadon raguwar ƙarfinta, ta yadda wadda ta ɗaga tan 10 a nisan mita 10, da ƙyar ta ɗaga tan 5 a mita 20, kamar yadda bokitin ruwa ke yi wa mutum sauƙi a jikin cinyarsa, amma ya gagare shi idan ya miƙa hannu. Saboda haka ne ake liƙa jadawalin nauyi a ɗakin direba, kuma wajibi ne a san nauyin kaya da lissafi, ba da kirdado ba: kankare mai mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi ya kai wajen tan 2.4, daidai da buhun siminti 48.

Ƙasa ma sai an dube ta, musamman inda aka cike rami ko inda ruwa ya kwana, a buɗe ƙafafun ƙugiyar mota duka, a shimfiɗa musu katako mai kauri, a kuma nisanci wayar lantarki.

Sai batun ɗauri, wanda galibi ake bar wa leburan da ya fi kusa, ko da kuwa jiya aka ɗauke shi aiki. Idan aka rataya kaya da igiyar ƙarfe biyu a tsaye, kowace tana ɗauke da rabin nauyi, amma da zarar an ware su har kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, to kowace ɗaya tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya, ga shi kuwa ido ba ya ganin wannan bambanci. Igiyar da ta fara tsintsinkewa ko ta lanƙwashe, a jefar da ita, kada a ce a lallaɓa zuwa gobe. Mai ba da hannu ya zama mutum ɗaya tak wanda direba ya sani, domin idan heluma yana cewa a sauke, birkila yana cewa a ɗaga, direban da ke can sama ba ya da wanda zai bi. Amma kalmar "tsaya" ta kowa ce, ko yaron da ke kwaɓa siminti ya faɗe ta, dole a tsaya. Kuma kada kowa ya gitta ƙarƙashin kayan da ke lilo, ko da na ƙiftawar ido ne.

A ƙasarmu, inda hadarin farkon damina kan haɗu a gabas ya aiko da guguwa tun kafin ɗigon farko, ya kamata magina su san cewa idan gudun iska ya ninka biyu, turinta yana ninka huɗu ne, kuma faffaɗan kaya irin kwanon rufi ko allon katako ya fi kama ta. Direban da ya ga gabas ta yi baƙi, ya ajiye kaya ƙasa ko da ɗan kwangila yana ta "saura ɗaya". In ƙugiyar mota ce ya janye wuyanta ya kwantar, in kuwa doguwar nan ce mai kama da hasumiya, ya saki birkin juyawarta kafin ya sauko, domin wuyan ya riƙa bin iska duk inda ta juya.